Musayar Waƙa: Da Mi Za Mu Tuna Kwamanda a Ƙaura?

Ɗan Tasha: Salamu alaikum 'yan majalisa. Jiya bayan La'asar anka zauna ƙofar gidan marigayi Kwamanda, matuƙin jirgin yaƙin nan namu na Ƙaura Namoda, kan abin da gari za ya yi don tunawa da shi. Wasu sun ce a roƙi rundunar sojan sama tsohon jirgi a kafa bakin shataletale, wasu sun ce rijiyar burtsatse. An tashi ba a daidaita ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Amsa-amonmu "ma" ne.

Bismillahi, da shi nika farawa,
Salati ga Manzo ba ni ragewa,
Yau Kwamanda muka son tunawa,
Ɗan Ƙaura da yay yi aiki a sama.

Ƙaura ce ƙarshen layin dogo,
Tun 1929 jirgi ka yada zango,
Yaro na kallo, jingine ga bango,
Yac ce nashi jirgin ba ƙasa za ya zama.

Yab bar gida yat tahi Kaduna,
Tuƙi yak koya dare da rana,
Kano ta ƙara mai, yay yi suna,
Jirgin yaƙi Alpha Jet ya san shi da himma.

Namoda kan doki yay yi yaƙinai,
Alƙalawa ta shaida takobinai,
Ɗan garinai ya ɗauko gadonai,
Bisa dokin ƙarfe mai tsawa da girma.

Ra'ayina, jirgin nan a roƙo shi,
Ko ya tsufa, mu wanke mu shafe shi,
Bakin shataletale mu kafa shi,
Kowa yaw wuce shi ga alama.

Tsohon Soja: Ɗana, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ina cikin sojan ƙasa da aka kai Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma da ta sauka Monrobiya a Agustan 1990.

Na karɓa, ɗana, ka ba ni wuri,
Oktoban 1992 aka kawo hari,
'Yan tawayen Charles Taylor sun kewaye gari,
Muna rami, ruwa har ƙugu, ba dama.

Harsashi ya kusa ƙarewa,
Muna ta kira, ba mai amsawa,
Sai ga ƙara daga teku tana tahowa,
Jirage biyu ƙasa-ƙasa daga yamma.

Bayan ritaya, muna hira a inuwa,
Ya ɗau kara, a ƙasa yana zanawa,
Ga gada, ga fadama, ga hanyar wucewa,
Na ce, Kwamanda, ashe kai ne a sama!

Saliyo ma ya je da aka yi kira,
A filin jirgin Lungi ya kwana yana jira,
Har Shugaba Kabbah ya koma kan kujera,
Shi ko ya dawo gida ya kama noma.

Malamar Firamare: Baba Soja, Allah ya ƙara lafiya. Ku yi mini haƙuri, ni ina bayan rijiya.

Jirgin da ba ya tashi ƙarfe ne,
Bayan damina uku gidan tsatsa ne,
Mamaci abin da ke kai masa lada ne,
Sadaka mai gudana ita yake nema.

Ku zo makarantarmu da hantsi ku gani,
Yara da jarka a tsakiyar rani,
Sun bar aji suna bin rijiyar wani,
Wasu har gulbin Gagare, sai dai da yamma.

Ga waɗanda 'yan bindiga suka koro,
Sun bar gona, sun bar rumbun gero,
Mata da goyo, tsoho da yaro,
Da ruwan sha kullum suke ta fama.

Ɗalibin Poli: Malama, maganarki gaskiya ce, amma ki ji tawa. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya fice da lema, ya ratsa daji cikin dare suna nemansa, har ya kai wurin sojojinmu da ransa. Tun da aka kafa rundunar sojan sama a 1964, irin waɗannan mutane ne ke riƙe da ita.

Ɗan wani gari ne ya zo dominmu,
Ya sa ransa a kan dazukanmu,
To wa zai gaje shi cikin yaranmu,
In ba su taɓa ganin fiffike ba, Malama?

Hajiya, ƙanwar marigayi: Ɗiyana, jikata ta karanta min baitocinku, ita ka rubuta min wagga amsa. Ni da shi uwa ɗaya uba ɗaya.

Kun yabi Yaya, Allah shi biya ku,
Amma da abin da ban ji ba bakinku,
Ƙarar jirgin da taz zam daɗi gare ku,
Akwai ƙauyen da in ta taso sai kyarma.

Ran da labari yaz zo na kuskure,
Bam ya sauka kan talakawa a tare,
Tuwonai ya huce, bai ci ba har dare,
Yana ta roƙa musu gafara da rahama.

Yac ce matuƙi shi riƙe yatsanai,
Sai ya tabbata da abin da ag gabanai,
In ya yi shakka, shi komo da bam nai,
Gara faɗan manya da jinin al'umma.

Ku gina rijiya makarantar da yay yi,
Sunanai ga tanki, baƙi bisa layi,
Yara su sha, su yi alwala da sanyi,
Ni ƙanwatai, nan na tsai da kalma.

Hular tuƙinai tana cikin adaka,
Da littahin awowin tashi cikin jaka,
Na ba makaranta, ku aje su a ɗaka,
Ɗan Poli, kawo yara su gani su kama.

Tsohon Soja: Hajiya ta yanke magana. Allah ya jiƙan Kwamanda, ya sa ya huta.

Fansho in ya shigo ƙarshen wata,
Siminti buhu biyar, ku rubuta,
Ni da kaina zan kai makaranta,
Ɗan Tasha, kira taro mu yi azama.

Ɗalibin Poli: Amin, Baba. Hajiya, na gode.

A fara da rijiya, ban yi musu ba,
Hular ma zan zo gani ran Laraba,
Amma batun jirgi ban janye ba,
Takarda na rubuta, saura hukuma.