Neman kalma: abin nan da ke ɗaga allo bisa ruwa, me za mu kira shi?

Hajara, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da shiri a rediyo ranar Alhamis bayan la'asar, cikin jerin wasannin da mutanenmu ba su saba gani ba, kuma takardar da aka ba ni ta Faransanci ce. Wasan nan ne da aka fara sakawa a gasar Olamfik ta 2024, wanda aka yi a tekun Marsai, a Faransa. Mutum yana tsaye a kan allo, wata ƙatuwar lema tana can sama iska na jan ta, ita kuma tana jan shi da igiyoyi. Wannan duk na iya faɗa. Inda na tsaya shi ne abin da ke ƙarƙashin allon. Doguwar sanda ce da ta nutse cikin ruwa, a ƙarshenta wani abu kamar ƙaramin jirgin sama, da gudu ya kankama sai ya ɗaga allon gaba ɗaya ya rabu da ruwa. Takardar tana cewa hydrofoil, wani wuri foil kawai, kuma kalmar ta fito fiye da sau ashirin. Ba zai yiwu duk inda na iske ta in tsaya dogon bayani ba. Masu saurarena akwai masuntan tafkin Lagdo, akwai mata a gida, akwai masu babur. Daren Laraba zan ɗauki murya. Ku taimaka.

Abakar, Injamena:
Wa alaikumus salam. Allo mai fiffike. Kin huta.

Usmanu, Marwa:
Da gyara, Abakar. Duba takardar Hajara, na tabbata lemar ce suke kira aile, wato fiffike. Idan ta ce allo mai fiffike, duk wanda ya san Faransanci zai ɗaga kai sama, alhali abin yana ƙasa. A ce fiffiken ruwa. Haidiro ɗin da ke farkon hydrofoil ma ruwa yake nufi.

Hajara, Garwa:
Haka ne Hamma Usmanu, aile suka rubuta. Fiffiken ruwa ya kwanta mini, amma allon fa?

Jamilu, Kuseri:
Ku ce foyil mana. Wa ya fassara keke? Wa ya fassara babur?

Malam Buba, Ngaundere:
'Yata Hajara, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki buɗe baki a rediyo. Na sa jikana ya nuna mini abin a waya, na kalla har sau uku. Sunansa yana nan gabanku, ba ku gani ba. Wane tsuntsu ne ke tsayawa cikin ruwa da doguwar ƙafa ɗaya, jikinsa a sama bai jiƙe ba? Zalɓe. Allon nan zalɓe ne. Mai yin wasan yana hawan zalɓe, kamar yadda ake hawan doki ko hawan ƙaho. Masu yi mahaya zalɓe. Kalma ɗaya, gajeruwa, tamu ta gado, tana karɓar jam'i, tana shiga kowace jimla ba tare da an matsa mata ba.

Kai kuwa Jamilu, foyil ɗin nan ita ce takardar da ake naɗe gasasshen kifi da ita. Shekara talatin ina koyarwa, na ga yadda ake cusa wa yara kalmar da ba ta nuna musu komai. Kakanninmu da suka ga abin hawa a kan dogo ba su ari sunansa ba. Suna da jirgi a kogi, sai suka ce jirgin ƙasa. Da na sama ya zo suka ce jirgin sama. Waccan ita ce hanya.

Sani, Marsai:
Adda Hajara, ni ɗan Garwa ne, aiki ya kawo ni nan, kuma na koyi abin nan bara. Bari in faɗi yadda yake a ƙafa, wataƙila ya taimaka wajen suna.

Ba a fara shi da rana ɗaya. Sai ka iya sarrafa lemar da allo na yau da kullum tukuna, har ta zama hannunka yana yi ba tare da ka ɗaga kai ba. Igiyoyinmu na koyo sun kai mita ashirin da wani abu. Sannan a ba ka allo mai gajeriyar sanda, kamar rabin mita, don idan ka faɗo kada ka faɗo daga nesa. Ta masu tsere ta kai mita guda. Kwanakin farko malamina hana ni tashi ya yi. Ya ce in bar allon a kan ruwa in yi ta tafiya a haka. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne, a allon da na saba nauyi a ƙafar baya yake, nan kuwa dole ka danne ƙafar gaba. Da ka jingina baya kaɗan, sai allon ya yi tsaye da kai kamar doki ya ga wuta, fiffiken ya fito waje ya sha iska, ya sake ka, ka faɗi ta ka. Na sha ruwan gishiri ba kaɗan ba. Dole hular kwano da rigar kare ƙirji, domin bakin fiffiken yana da kaifi. Idan za ka faɗi, ka yi nesa da allon, kuma in kana cikin ruwa kada ka yi ta harbi da ƙafa, shi ne ke yanka mutane.

Daga baya sai ka fara tashi kaɗan ka sauka, tashi kaɗan ka sauka. Ranar da na daɗe a sama, abin da ya ba ni mamaki shiru ne. Duk ƙarar dukan ruwa a gindin allo ta ɗauke ɗif. Har yau in na tuna sai jikina ya yi yar.

To ga inda nake. Sandar ba ta ɗaga kowa, riƙo kawai take yi. Fiffiken ne ke aikin, kamar na jirgin sama, sai dai da yake ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, ɗan ƙarami ya isa ya ɗauki ƙato. Saboda haka ina tare da fiffiken ruwa.

Malam Buba, Ngaundere:
Ɗana Sani, Allah ya kiyaye ka a cikin tekun nan. Amma bayaninka ya ƙara mini ƙarfi. Zalɓe ba shi da fiffike ne? Yana da ƙafa, yana da fiffike, yana zaune a ruwa. Me ya rage?

Usmanu, Marwa:
Baffa, fiffiken zalɓe a sama yake, ƙafarsa kuma tana taka ƙasa. Wannan kuwa in ya taɓa ƙasa an yi haɗari. Kuma zalɓe tsayuwa aka san shi da ita, abin nan gudu yake yi.

Sani, Marsai:
Gudu sosai. Masu tsere sukan wuce kilomita 60 a awa.

Malam Buba, Ngaundere:
Jirgin ƙasa yana iyo ne da aka ce masa jirgi? Suna ba hoto ba ne, Usmanu. Ishara ce.

Jamilu, Kuseri:
Ni dai shawarata, Hajara ta duba abin da manyan gidajen rediyo na Hausa suka ce lokacin gasar, ko ta tambayi malaman Kano. Can ake daidaita kalmomi. In muka ƙirƙiro namu a nan, gobe mutum ya ji wata kalma daban a wata tasha, ya rikice. Na yi karatu a Najeriya, na san yadda ake ɗaukar Hausar wannan gefen na Kamaru da Chadi.

Abakar, Injamena:
Yaya ake ɗaukarta? Faɗa mana.

Jamilu, Kuseri:
Ka sani. Rabi Fillanci, rabi Faransanci. Ku kuma ku ƙara da Larabci.

Goggo Asabe, Garwa:
Jamilu, wannan magana ta yi mini zafi. Kakana fatauci ya kawo shi bakin Binuwai, a nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, kuma ba mu taɓa yin wani harshe a cikin gida ba sai Hausa. Su da suke cewa mota da tebur da asibiti, daga rijiyar Kano suka ɗebo su? Turancin Ingila ya shiga tasu, Faransanci ya shiga tamu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kuma maganar ruwa ce ake yi. Mu da ke da Binuwai da Lagdo da Lagon da Shari, mu za mu je neman izini kafin mu sa wa abin ruwa suna?

Jamilu, Kuseri:
Goggo ki yi haƙuri, ban ce tamu ba Hausa ba ce. Cewa nake yi littattafai da ƙamus can ake buga su. Wannan ba raini ba ne.

Malam Buba, Ngaundere:
Asabe ta faɗi gaskiya. Kuma shi ya sa nake cewa zalɓe. In kalma ta fita daga Garwa ta yi daɗi, Kano ma za ta ɗauka. A-daidaita-sahu wane kwamiti ne ya zauna ya raɗa? Bakin mutane ne. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, mutane suka ce kwamfuta don waccan ta yi tsawo. Fiffiken ruwa, allo mai fiffiken ruwa, wasan allo mai fiffiken ruwa, numfashi zai ƙare kafin a kai ƙarshe.

Abakar, Injamena:
Wayar tafi-da-gidanka ma Hausa ce tsantsa, Malam, amma yau waya kawai ake cewa. Mutane su za su datse da kansu.

Hajara, Garwa:
Don Allah jama'a, yau Talata. Maganar Kano da Garwa mu ajiye ta, ba za ta ƙare a wannan makon ba. Ga wata matsala da na tarar. A takardar akwai tarihi kaɗan: wani Ba'italiye, Enrico Forlanini, ya gwada jirgin ruwa mai irin wannan abu a tafkin Majore na arewacin Italiya a 1906, sannan Graham Bell, mai wayar tarho, nasa jirgin ya yi gudun kusan kilomita 114 a awa a Kanada a 1919. Baba Malam, ku duba mini, a nan babu allo, babu ƙafa ɗaya. Jirgi ne sosai. Zan ce jirgi mai zalɓe?

Malam Buba, Ngaundere:
Ki ce jirgi zalɓe.

Usmanu, Marwa:
Baffa, ba ya zama. Jirgi mai fiffiken ruwa kuwa ya zauna daram.

Ɗanjuma, Lagdo:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Mahaifina masunci ne, tun ana gina madatsar nan yake wannan gefen. Na nuna masa bidiyon jiya da dare ban ce masa komai ba. Ya kalla ya ce, wannan katako ne mai ƙafa. Na karanta masa sunayen da kuka kawo. Zalɓe ya sa shi murmushi, ya ce ya yi kama. Amma da na ce a rediyo za a faɗa, ya ce in ya ji an ce mutum ya hau zalɓe zai kashe rediyon, don ya san zalɓe ba ya ɗaukar mutum. Fiffiken ruwa kuma ya ce, ai kifi ma yana da fiffike, wannan kowa zai gane. Sai ya ƙara da cewa kada wani yaro ya ce zai gwada a nan, ƙarƙashin ruwan akwai kututturan itatuwa da taruna, ga dorina.

Sani, Marsai:
Baba ya yi gaskiya. Ruwan dole ya fi sandar zurfi, kuma ko ciyawa ta naɗe fiffiken sai ta kayar da kai. Adda, ki sa wannan a shirin.

Malam Buba, Ngaundere:
Ɗanjuma, ka gaishe da mahaifinka. Amma ka lura, da ya gani da ido ƙafa ya fara cewa, bai ce fiffike ba.

Hajara, Garwa:
Shi ya gani, Baba. Masu saurarena ba za su gani ba, kunne kawai gare su, kuma abin da nake so su tafi da shi shi ne dalilin da allon ke tashi. Ga abin da na yanke, ku yafe mini inda ban bi ku ba. Abin da ke ƙasa, fiffiken ruwa. Allon, a karon farko allo mai fiffiken ruwa, daga nan allo mai fiffike ko allon kawai. Sandar, ƙafar allo, na ɗauki wannan daga Baban Ɗanjuma. Kalmar Turawan zan faɗe ta sau ɗaya, don mai son nema a intanet. Ga jimlar gwaji: A Marsai, Eleanor Aldridge ta Birtaniya ce ta ci zinare a tseren mata na allo mai fiffike, Lauriane Nolot ta Faransa ta zo ta biyu, a na maza kuma Valentin Bontus na Ostiriya ne ya ci, wani yaro ɗan shekara 17 daga Singafo, Maximilian Maeder, ya zo na uku.

Abakar, Injamena:
Ya tafi. Amma lemar nan fa? Ta ruwan sama za a ɗauka. Filafili ya fi kusa, tunda iska ke tura shi.

Usmanu, Marwa:
Filafili a jikin jirgi yake. Wannan a igiya take, kamar lemar sojojin sama.

Hajara, Garwa:
Lema za ta tafi a haka wannan makon, Hamma. Ba ni da wani daren.

Malam Buba, Ngaundere:
Na saurari shirin jiya. Muryarki ta fita da kyau, 'yata, kuma bayanin ƙafar gaba da ƙafar baya kowa zai fahimta. Na ji inda kika ce wani dattijo a Ngaundere yana kiransa zalɓe. Na gode, ko da yake sau ɗaya ne, kuma a ƙarshe. Fiffiken ruwa ba kuskure ba ne, na yarda da shi ga abin da ke ƙasa. Allon kam ban janye ba. Na ƙirga, sau shida kika ce allo mai fiffike, kuma a na biyar harshenki ya sarƙe.

Hajara, Garwa:
Ya sarƙe, Baba, na ji shi ni ma. Mutum uku suka bugo waya bayan shirin. Biyu suna tambayar kuɗin allon, na ce ban kawo wannan ba. Na ukun daga Pitowa ya kira, ya ce a maimaita masa yadda zalɓen nan ke tashi.

Abakar, Injamena:
Maganar lema tana nan. Zan buɗe mata zare daban bayan sallar Juma'a.