Rabin inji zan canza, amma top ɗina an taɓa goge shi

Ɗan Kaura: Salamu alaikum iyayen gida. Corolla ta mai injin 1ZZ ce ta kwanta mini a hanyar Talata Mafara, kwanrod, wato sandar da ke riƙe fistin, ya fasa bulok, gangar jikin injin. Rabin inji ɗan Beljiyam, wato ɓangaren ƙasa na injin, nake so in saya, in mayar da top silinda na, wato kan injin, a kai. Sai dai top ɗin an goge fuskarsa sau biyu wajen masu taning don ta daidaita. Akwai matsala?

Oga Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Kafin ka ba da ko sisi, sa a kankare maka lambar da ke jikin bulok ka karanta da idonka. 1ZZ da wani injin Corolla mai kama da shi, 3ZZ, faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 79, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma tafiyar fistin 1ZZ milimita 91.5 ce, ta 3ZZ 81.5. 1ZZ lita 1.8 ne, 3ZZ lita 1.6. Fistin ɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Nemi irin naka kawai.

Malamin Fasaha: Ƙanena, batun gugar nan ya fi damuna. Kamfani ya yi 1ZZ a kan matsi 10 bisa 1. Silinda ɗaya na shaƙar kusan cc 448, fistin ya matse shi cikin ɗan gurbin da bai wuce cc 50 ba. Duk rabin milimita da aka ci a fuskar top, gurbin nan ya ragu da wajen cc 2, matsi ya haura zuwa kusan 10.4. A takarda kamar ba komai. To haɗa shi da zafin Afrilu a Gusau, da lodin buhunan gero, da man 'yan bumburutu. Za ka fara jin ƙara a hawa kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, man ne ke fashewa da kansa. Kwamfutar motar za ta ja wuta baya don ta kare injin, sai mota ta yi nauyi, ta riƙa shan mai.

Ɗan Kaura: Malam, to ta yaya zan san nawa aka ci? Wanda ya goge bai rubuta ba.

Malamin Fasaha: Sirinjin kemis da ɗan gilashi mai huda. Kifa top ɗin, bawul da filogi a ɗaure, shafa giris a baki, ɗora gilashin, ka ɗura kananzir kana ƙirga cc har iska ta fita. Yi wa top ɗin da ba a taɓa gogewa ba haka, ka kwatanta.

Baba Mai Shago: Ɗana, ni dai kada wani ya ce maka a cike ratar da ninka gasket biyu, wato shimfiɗar da ke tsakanin top da bulok. Na yi wa kaina a da, sati uku ruwa ya gauraye da baƙin mai. In ratar kaɗan ce, a nemo gasket mai kauri guda ɗaya. In ta yi yawa, ƙara kuɗi ka ɗauko cikakken inji a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, ka huta.

Oga Tudun Wada: Kuma sababbin kusoshin top, a ɗaure da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba.

Ɗan Kaura: Na gode ƙwarai. Oga, gobe bayan azahar zan kawo top ɗin garejinka mu auna.

Oga Tudun Wada: Taho da sirinjin, akwai gilashi a nan.