"Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya": wanne ne ruwan cikin?

Mai_Guga: Jama'a a raba mu. Jiya mun kai ruwa rana da yayana kan ko ƙasa mai tasowa ta zuba kuɗinta a fasahar zamani, ko ta raba su tsakanin noma, makarantu da wutar lantarki. Ya jefo min wannan karin maganar, ya tashi abinsa. Ni kuwa da nake ɓangaren fasaha, gani nake ni ta goya wa baya.

Tsohon_Malami: Yayanka ya fi ka gaskiya, ɗana. Koriya ta Kudu sai da ta raba wa manoma gonaki a 1950, ta cika makarantu da yara. Kamfaninsu na Samsung ɗin ma da sayar da busasshen kifi ya fara a 1938, bai taɓa kayan lantarki ba sai 1969.

Mai_Guga: To Malam, M-Pesa fa, tsarin nan na tura kuɗi ta wayar hannu? A 2007 Kenya ba ta jira banki ya isa kowane ƙauye ba, waya ta riga shi. A nan fasahar ce ruwan cikin.

Jikar_Inna: Kun tuna min da kakata, Allah Ya jiƙanta. Tana da wani tsohon famfo da ba ya jan ruwa sai an fara ɗura masa. Kullum akwai kwano ɗaya da take rufewa da faifai, ba mai taɓawa. Ran nan ƙanina ya dawo da ƙishirwa ya shanye tas. Ko tsawa ba ta yi masa ba, hannun famfon kawai ta nuna masa. Ya yi ta bugawa, gumi sharkaf, iska kawai ke fitowa. A wurinta ma'anar ke nan: kada ka sha jarinka.

Ɗan_Tasha: Ai ƙanin naki ya dace da siyasa. Wasu sun shanye kwanon, sun sayar da famfon, yanzu suna mana alkawarin tauraron ɗan'adam.

Tsohon_Malami: Ba abin dariya ba ne. A 1958 an sa manoman China narka tukwane da kayan noma don a samu ƙarfe, yunwa ta kashe miliyoyi.

Mai_Guga: Wannan ai gaggawa ce, ba fasaha ba.

Jikar_Inna: Ni dai na san sai da muka je aron ruwa maƙwabta.

Ɗan_Tasha: Ashe har IMF, asusun ba da lamuni na duniya, kuka je! Da wane sharaɗi suka ba ku?