Idon ƙanina yana tsalle-tsalle in yana bin ƙwallo da kallo

Mai tambaya, daga Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina ɗan shekara 17 yana shan kabamazafin saboda farfaɗiya, sati uku ke nan da aka ƙara masa yawan maganin. Yanzu in yana bin ƙwallo ko Adaidaita Sahu da kallo, sai ƙwayar idonsa ta riƙa tafiya da tsalle-tsalle, ba sumul ba. Wani lokacin ya ce abu ɗaya ya zame masa biyu. Asibitin ido za mu nufa, ko mu tsayar da maganin?

Likitar ido:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ku tsayar da kanku. Yanke maganin farfaɗiya lokaci guda kan tayar da ciwon fiye da da.

Ga abin da kake gani. Wurin gani tangaran a cikin ido ɗan mitsitsi ne, abin da yake ɗauka bai wuce faɗin farcen babban yatsa in ka miƙe hannu ba, don haka dole ƙwaƙwalwa ta riƙa ɗora abin kallo a kansa. Dabara biyu gare ta. Akwai zabura: ta ɗauki kamar kashi ɗaya cikin biyar na sakan tana auna nisa, sannan ta harba idon da gudun da kan kai digiri 500 na juyawa a sakan (cikakken zagaye digiri 360 ne). Akwai kuma rakiya, inda ido ke daidaita gudunsa da na abin da ke tafiya, kuma wannan ba ta cika yin daidai ba in gudun ya haura digiri 30 a sakan. Duk sanda rakiya ta gaza, aka bar ido a baya, sai zabura ta cike giɓin. Tsalle-tsallen ke nan. Mai saita gudun rakiyar ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, ita kuwa ba ta jure yawan wannan magani a jini. Shi ya sa na fi zargin maganin a kan idon kansa. Likitan da ya rubuta shi za ku fara komawa.

Mai harhaɗa magunguna:
Ɗan'uwa, ya sha wani abu daga kemis kwanan nan? Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su eritiromaisin da kilaritiromaisin, da aisoniyazid na tarin fuka, suna hana hanta narkar da kabamazafin, sai ya taru. Ku nemi a auna yawan kabamazafin ɗin a jininsa da safe kafin ya sha na ranar. Abin da ake so tsakanin maikirogiram 4 zuwa 12 ne a mililita. Ku kwashi duk kwalayen ku tafi da su.

Mai tambaya:
Ban da farasitamol babu. Akwai gwajin da zan iya yi a gida?

Likitar ido:
Akwai. Ya zauna, ka tallafe masa haɓa kada kai ya motsa. Riƙe biro kamar kamu biyu daga hancinsa, ka ja shi daga dama zuwa hagu a hankali, sakan uku kowace tafiya, sannan sama da ƙasa. Kada ka kai shi can ƙurya, don ko lafiyayyen ido kan ɗan karkarwa a nan. Kada kuma ka yi sauri, kowa idonsa zai yi tsalle. Wani ya ɗauki bidiyo da waya, sau ɗaya kafin shan magani, sau ɗaya bayan awa uku ko huɗu. In ya fi tsanani bayan shan, ka nuna wa likita.

Ma'aikacin jinya:
Ya ajiye babur da keke tukuna. In kuma ya fara tangaɗi, ko harshe ya yi nauyi, ko amai da ciwon kai mai tsanani, ko ƙuraje da gyambon baki, kada ku jira ranar ganin likita. Ku wuce sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko da tsakar dare ne.