Sankarar huhu: yaya ake gane ta, kuma me ke faruwa a kwanakin ƙarshe?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Tambaya biyu gare ni ga masana. Wace alama ce ke raba sankarar huhu da tarin fuka? Sannan idan likita ya ce ta kai mataki na huɗu, me ya kamata masu jinya su shirya wa?

Likitan_Ƙirji:
Wa alaikumus salam, Malam. Da ido ba a raba su: duka biyun suna kawo tari, rama da jini a kaki. Shi ya sa ake ɓata watanni ana shan maganin tibi a banza. Tarin da ya wuce mako 3, a yi hoton ƙirji da gwajin kaki. Idan gwajin bai nuna tibi ba, ko an sha magani wata 2 babu sauƙi, a nemi hoton CT (hoton na'ura da ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla), musamman ga wanda ya daɗe yana shan taba. Taba ce ke jawo kusan kashi 85 cikin 100 na wannan cuta, amma wanda bai taɓa sha ba ma yana iya kamuwa.

Alamomin da ke sa a zargi sankara: murya ta dushe ta ƙi washewa, don ƙarin, wato tsiron sankarar, ya danne jijiyar maƙogwaro, namoniya tana ta dawowa a gefe guda, don ya toshe hanyar iska, kan yatsu ya kumbura, farce ya lanƙwashe, fuska da wuya su kumbura, an fi gani da safe. Ƙarin da ya fito a can saman huhu kuwa ba lallai ya sa tari ba, sai ciwon kafaɗa mai sauka hannu, a yi ta shafa man zafi. Hoto zargi ne kawai. Sai an ciro ɗan nama an duba ake tabbatarwa, a kuma gwada shi ko yana da canjin ƙwayoyin halitta da ake kira EGFR ko ALK, don masu shi akwai ƙwayoyin sha da kan riƙe cutar ko a mataki na huɗu.

Nas_Mai_Dare:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu. Mataki na huɗu yana nufin ta bazu, galibi zuwa ƙashi, ƙwaƙwalwa ko hanta. Ba ya nufin gobe za a rasu. Kuma kada a riƙa ɗora komai a kan "ai ƙarshe ne ya zo", akwai abubuwan da ke gyaruwa.

Haki ya ƙaru cikin 'yan kwanaki: sau da yawa ruwa ne ya taru a kewayen huhu. Ana zuƙe shi, amma ba a wuce lita 1 zuwa 1.5 a zama ɗaya, don in an kwashe da yawa da sauri huhun kansa ya kan cika da ruwa. Ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida da ruɗewa a tare: a auna sinadarin kalsiyam a jini ko ya yi yawa, ƙarin ruwa da allura na saukar da shi. Ciwon baya tare da nauyin ƙafafu ko riƙewar fitsari: laka ce aka danne, a tafi asibiti a ranar. Ana ba da dexamethasone, maganin rage kumburi, a yi gashin sankarar da hasken na'ura, kuma wanda aka kai yana takawa ya fi samun damar ci gaba da takawa.

Sai mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, wanda dangi ke gudu. Ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 ta baki duk awa 4, bisa agogo, ba sai ciwo ya tashi ba. In ya taso a tsakani, ana ƙara kashi ɗaya cikin shida na jimillar yini. Likita ne ke tsara wannan, yana kuma rage adadin ga mai ciwon ƙoda. A haɗa da maganin sakin ciki tun ranar farko: tashin zuciya da gyangyaɗi suna wucewa cikin 'yan kwanaki, taurin bayan gida ba ya wucewa. Idan an bi ƙa'ida mofin ba ya gaggauta ajali, yana ma rage haki.

Mai_Neman_Sani:
Na gode, Hajiya. To idan ya daina ci, a sa masa ƙarin ruwa da oksijin?

Nas_Mai_Dare:
Oksijin na amfani ne idan na'ura ta nuna ya yi ƙasa a jini. In ba haka ba, fanka tana kaɗa fuska, a jingina shi zaune, ta fi abin rufe hanci daɗi. Abinci kuwa, a kwanakin ƙarshe jiki ya daina buƙatarsa, ba yunwa ce ke kashe shi ba. Ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya ƙwarewa take jawowa, abin ya faɗa huhu. Ƙarin ruwa mai yawa ma yana ƙara majina da kumburi. A riƙa jiƙa baki da laɓɓa da auduga duk bayan awa 1 ko 2, a juya shi duk awa 2 zuwa 4 saboda gyambon kwanciya.

Abin da za a gani: barci ya yawaita, fitsari ya ragu ya yi duhu, ƙafafu su yi sanyi, gwiwoyi su yi dabbare-dabbare. Numfashi zai riƙa tsayawa na wasu daƙiƙu ya dawo. Kakarin da ake ji a maƙogwaro yawu ne da ya kasa haɗiyewa, ya fi damun masu sauraro. A kwantar da shi ta gefe, akwai kuma allurar hyoscine mai rage yawu. A ci gaba da yi masa magana a hankali, ana kyautata zaton jin magana ne ke daɗewa bai gushe ba.

Likitan_Ƙirji:
Ƙari biyu kan bayanin Hajiya. Idan ya shiga fizge-fizge, a fara taɓa mara kafin a nemi maganin barci. Cikakkiyar mafitsara na sa haka, robar fitsari ta isa. Kuma a tanadi mofin na allura tun kafin haɗiya ta gagara, ana ba da rabin adadin na baki a ƙarƙashin fata.

Ɓallewar jini mai yawa ba kasafai take faruwa ba, amma wanda ya saba tofar da jini a ajiye tawul masu duhun launi kusa da gadonsa. In ta faru, a kwantar da shi a kan gefen da ƙarin yake don lafiyayyen huhun ya samu iska, mutum ɗaya ya zauna riƙe da shi, wani ya kira taimako.