Zaman Turawan mulki a barikin kan dutse: ina ya kamata a kai ɗalibai?

Malama Hadiza: Salamu alaikum 'yan zaure. Ana so a nuna wa ɗaliban tarihi yadda Di'o da Razdan, jami'an mulkin Turawan Ingila, suka zauna a barikokin kan tudu. Ina za a je, me za a duba?

Malam Garba: Wa alaikumus salam, Malama. Ku fara da Jos, tudun ya kai wajen mita 1,200, shi ya sa ake turo su can shan iska. A tsofaffin gidajen ku duba murhun jin ɗumi a falo, don sanyin hunturu, da faffaɗar baranda mai hana rana dukan bango. Ku auna kuma tazarar unguwarsu da gari: ƙa'idar zamanin Gwamna Lugga yadi 440 ce ba gini, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga 'yan ƙasa. Sauro kuwa yana wuce haka, ga kuku da boyi suna kwana a bayan gidan.

Alhaji Bala: Ku haɗa da dutsen Patti na Lakwaja, gidan hutun Lugga yana nan. Hawan kaɗai zai nuna wa yara wahalar ruwa. A ka ake hawa da shi, a tafasa, sannan a tace a tukunyar tacewa mai farin dutse a ciki. In ba a goge dutsen nan a dafa shi ba sai ya toshe, in ya tsage kuwa atini ta shigo gida.

Dakta Amina: Alhaji ya taɓo inda cutar take. Tsawo yana rage sauro ne kawai. Abin da ya riƙe su gidan sauro da kwinin, wajen miligiram 300 kullum. Hatsarin yana ga mai sha yau ya bari gobe: shi aka fi gani da zazzaɓin baƙin fitsari, jini ya narke, ƙoda ta tsaya, likita kuma yana nesa da tafiyar kwanaki.

Malam Garba: Ga gara kuma. Akwatin ƙarfe ake zuba takardu, ƙafafun kabad ɗin abinci a tsoma cikin gwangwanin kananzir saboda tururuwa. Jinka ta fi kwano sanyi, amma tana ɓoye ɓera da maciji, ga gobara.

Malam Isa, Garwa: In da hali ku zo Buea, gindin dutsen Kamaru. Jamusawa sun mai da gwamnati can a 1901, fadar gwamna Puttkamer tana tsaye har yau. Can laima ce matsalar, littafi da takalmi su yi fumfuna. A 1909 dutsen ya yi aman wuta suka sauka Duwala.

Alhaji Bala: Malama, don Allah kada a manta 'yan alaro. Kayan rangadi wajen laba 60 ne a kan mutum ɗaya, galibi sarakuna ake sa wa su tara su dole. Ku cika akwati da yashi kilo 27 ɗalibai su ɗaga. Rahoton rangadi kuma ku nema a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, ku tafi da takardar gabatarwa daga makaranta.

Malama Hadiza: Madalla, Allah ya saka. Jos da Kaduna za mu fara, Lakwaja sai bayan damina.