Neman shawara: sitikar ƙungiyar masu tsofaffin Peugeot

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu 504 da 505 ta amince a buga sitika iri ɗaya, kowa ya manna a motarsa don mu riƙa gane juna a hanya. Mu 45 ne, muna Kaduna, Zariya, Kano da Jos. Don Allah masana, wace leda za mu ce a yi mana da ita, guda nawa za a bugo, kuma yaya za a raba ba tare da rigima ba?

Mai shagon buga sitika: Wa'alaikumussalam, Malam Sakatare. Tun farko ku rabe tsakanin aiki biyu. Akwai sitikar yanka, wato leda mai launi ɗaya da inji ke yanke haruffa da zane daga cikinta. Akwai kuma ta bugu, wadda ake zuba tawada a kan farar leda mai gam da ake kira SAV. Idan tambarinku launi ɗaya ne ko biyu, ku yi ta yanka, domin launinta a jikin ledar yake, rana ba ta saurin cin sa. Ledar yanka da ake kira Oracal 651 ta wadatar a kan gilashi ko shafaffen wuri. Wuri mai lanƙwasa kuwa sai 751, ta fi laushi kuma ba ta tsukewa. Leda mai arha idan ta sha rana tana tsukewa, sai ka ga baƙin layin gam da ƙura ya zagaye sitikar.

Idan dole sai ta bugu, ku ce a shimfiɗa mata leda mai kare hasken rana a sama. A bar tawadar ta sha iska awa 24 zuwa 48 kafin a rufe, in ba haka ba tururinta zai taso da ƙuraje a ƙarƙashi. Wadda ba a rufe ba, ja da ruwan ɗorawa ne ke fara koɗewa.

Kada ku kawo hoton da aka turo ta WhatsApp. Injin yanka layi yake bi, ba ya karanta hoto. Ku nemi mai zane ya ba ku tambarin a manhajar zane ta CorelDRAW ko PDF na layi. Harafi kada ya gaza santimita 1 a tsawo, siririn layi kada ya gaza milimita 2, don wajen tsince ledar da ba a so ƙananan nan suke tsinkewa.

Ma'ajin wata ƙungiyar babura: Ga lissafi, ɗan'uwa. Naɗin leda mai faɗin ƙafa 4 kusan santimita 122 ne. Sitika mai zagaye ta santimita 10, da ɗan tazara tsakani, 11 ke shiga layi ɗaya, layi 9 kuma a tsawon mita 1. Ka ga 99 ke nan. Ku 45, kowa ya sami biyu, saura 9 na sababbin shiga da wanda tasa ta lalace wajen mannawa. Ku yi ciniki a kan faɗin ledar da aka ci, ya fi sauƙi a kan ƙidayar ɗaiɗai.

Kuɗi kuma a karɓa kafin a je shago. A sa ranar rufewa, a haɗa kuɗin leda, na mai zane da na aike, a raba, a fitar da sunan wanda ya biya kowa ya gani. “Buga min, zan turo” ita ke bar wa sakatare bashi. Kafin bugun gaba ɗaya, a yi samfuri biyu ko uku, a manna a motar da ke kwana waje na mako biyu, a wanke ta a gani.

Mai fentin mota: Ni jikin motar nake ji wa tsoro. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma da wuya ka sami 504 da ba a sake wa fenti ba. Wanda aka yi wa ciko a ƙarƙashi, ranar da za a ɓare sitika tana iya tahowa da fentin. Mai tsohon fenti da ya yi gari kuwa, gam ba ya kama shi, garin yake kamawa. Ko an ɓare lafiya, wurin zai fito da sabon launi, kewayensa a koɗe. Saboda haka ku tsayar da wuri ɗaya: kusurwar ƙasa ta gilashin baya, ta waje. Wanda ya nace sai a jiki, in sabon fenti ne ya jira aƙalla kwana 30. Kada kowa ya sa a gilashin gaba inda zai tare ganin direba, ko a kan lambar mota, kar a ja magana da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC.

Sakataren ƙungiya: Na gode ƙwarai. To mannawar fa, Alhaji? Ba kowa ke kusa da shago ba.

Mai shagon buga sitika: A yi da safe ko a inuwa, gilashi da sanyinsa. A wanke, a goge da sifirit, a bari ya bushe. Ban da fetur ko man goge mota, suna barin maiƙo. A daidaita sitikar, a kafe gefen sama da tef, a ɗaga a zare takardar baya a hankali, ana bi da katin ATM da aka naɗe da ƙyalle daga tsakiya zuwa baki. Ledar saman da ke riƙe da haruffan sitikar a ja ta kwance, kada a fizge ta tsaye. Idan iska ta maƙale, a huda da allura a danne. Da hunturu a shiga gareji, ƙura ɗaya a ƙarƙashi takan tsaya kamar ƙurji. A bar wanki kwana uku, kuma a gaya wa yaran wankin mota kada su saita bakin injin feshi a gefenta.

Direban hanyar Kano zuwa Jos: Kada a aika wa kowa tasa daban, kuɗin aike zai fi kuɗin sitikar. A naɗa wakili ɗaya a kowane gari, a sa kason garin tsakanin kwali biyu, a liƙe, a saka a leda saboda ruwa, a rubuta adadi da lambar wakilin a sama. A roƙi direba ya ajiye a ƙarƙashin kujera. Idan ta kwanta a gaban mota rana na dukanta, kafin a kai Saminaka gam ya saki. Wakili ya ƙirga a tasha kafin motar ta tashi, ya sanar da Sakatare adadin da ya karɓa.